Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ra'ayina Game Da Turaren Yara

 Yau maganar turare nake tafe da ita, domin kuwa a 'yan shekarun nan babu gidan biki ko na suna da za ki shiga ba ki ji wani ƙamshi mai zaƙi ya bugi hancinki ba, kai ka ce an kifar da farantin alawar madara a tsakar gida. Idan kin tambaya sai a ce miki ai Yara ne. Masu sayarwa kuwa, daga kasuwar Sabon Gari har shagunan titin Gidan Zoo, bakinsu ɗaya ne: "Hajiya, wannan da na Faransa mai tsadar nan duk ɗaya ne, kuɗin ne kawai ya bambanta." To shin haka ne? Ni dai na saya da kuɗina, na yi amfani da shi da hunturu da bazara da damina, na kuma gwada shi da na Faransan da ake kuri da shi. Abin da hancina ya gaya mini shi zan gaya muku, ba ƙari ba ragi.

Amma kafin nan ya kamata ku san wadda ke magana, don ku san ma'aunin da na auna da shi. Ni matar ma'aikacin kamfani ce. Tun farkon shekarun 1990 aka kawo ni Panshekara, maigidana yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin jimar fata da ke Challawa. Duk wadda ta taɓa wucewa ta wajen ta san abin da nake nufi, warin ɗanyar fata da na sinadaran jima tun daga bakin titi yake tarar mutum. Bawan Allahn nan idan ya dawo da yamma, ko ya yi wanka a can sai ya sake wani a gida, kayan aikinsa kuwa a bayan ɗaki muke rataye su. Wata rana ina amarya ya ce da ni, "Kin san abin da nake ɗokin tararwa idan na taso? Ba tuwon ba ne, ƙamshin ɗakin nan ne. Shi ke tuna mini cewa ni ma mutum ne." Tun daga ranar na gane cewa a gidan talaka turare ba gayu ba ne kawai. Wanda ya wuni cikin wari yana neman halal, hakkinsa ne ya dawo ya tarar da ƙamshi.

A zamaninmu abin bai da wahala haka. Za ki samu Bintu Sudan, da ɗan goma, da ɗan duwala, ki haɗa da humrarki da turaren wutarki, shi ke nan kin gama. Na feshi masu tsada irin su Poison da Opium sai a lefen 'ya'yan manya, mu dai sai dai mu ji ƙamshinsu a jikin matan alhazai idan an haɗu a biki, kuma wallahi ba ya damunmu. Yanzu kuwa waya ta shigo hannun kowa. Yarinyar da ubanta ke gadi a Bompai tana kallon abin da 'yar gwamna ke kallo, ta san sunan kowane turaren dizaina, ta san kwalbarsa, ta san kwalinsa, abin da ba ta da shi kawai shi ne kuɗinsa.

Kuɗin nasa kuwa ba na wasa ba ne. Ɗauki La Vie Est Belle, wanda kamfanin Lancôme na Faransa ya fitar a 2012, yana cikin masu zaƙin da mata suka fi so a duniya. Babbar kwalbarsa ta haura dala 100. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da aka sake ta kuwa, a 2024 sai da ta haura naira 1,500. A cikin wannan shekarar ta 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000, kuma kowa ya san leburori da yawa a kamfanoni ko hakan ba sa kaiwa. Ke yi lissafi da kanki. Kwalba ɗaya ta cinye albashin wata biyu ba a sayi ko mudun masara ba. To ina laifin wanda ya nemi madadi?

Sai dai madadin nan iri biyu ne, kuma a nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Akwai kwaikwayo, akwai jabu. Kwaikwayo shi ne wani kamfani ya haɗa turare mai kama da na masu tsada, amma ya sa masa sunansa na kansa, a kwalbarsa ta kansa, ya rubuta inda aka yi shi. Misali Delilah na Maison Alhambra, kowa ya san ƙamshin Delina na Parfums de Marly yake bi, amma bai ce shi ne Delina ba. Jabu kuwa shi ne a ɗura wani ruwa da ba a san asalinsa ba a kwalba mai kama da ta orijinal, a buga sunan mutane da tambarinsu a kwali, a sayar miki a kan shi ne. Na farko sana'a ce, na biyu sata ce. A mafi yawan ƙasashe doka tana kare suna da tambari da siffar kwalba, amma ba ta cika kare ƙamshin kansa ba, shi ya sa masu kwaikwayo ke kasuwancinsu a fili, masu jabu kuwa sai a lungu.

Kada kuma ki ɗauka cewa mai tsada zallar furanni ne aka matse, mai araha kuma zallar sinadari. Ba haka abin yake ba. Tun 1874 masana a Jamus suka gano yadda ake haɗa ƙamshin banila ba tare da itacenta ba. Shi kansa Chanel No. 5 da ya fito a 1921, sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji ne suka fito da shi daban. Wannan zaƙin mai kama da alawa da ya cika turarukan yanzu, wani sinadari ne da ake kira itil maltol, wanda turaren Angel ya yi suna da shi a 1992, daga nan kowa ya bi. Akwai kuma na'urar da ake zuba wa ɗigon turare ta rarrabe abubuwan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, da ita masu kwaikwayo ke gano sirrin haɗi. Abin da ke sa mai tsada tsada, ban da ingancin wasu kayan haɗin da gwanintar mai haɗawa, har da kuɗin talla, da na taurarin da ake ɗauka hoto, da hayar manyan shaguna, da shi kansa sunan. Julia Roberts da ta yi tallan La Vie Est Belle ai ba kyauta ta yi ba, a cikin kuɗin kwalbar ake cire nata.

To mu dawo kan Yara. Kamfanin Lattafa na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne ya fitar da shi a 2020, ya kuma yi tashe a duniya ta hanyar TikTok. A can sunan mace ne, amma a kunnen Bahaushe kin san abin da yake nufi. Ranar da na fara shigo da shi maigida ya karanta kwalin ya yi dariya, ya ce, "Yanzu ke da girmanki, da jikokinki, turaren yara kika sayo?" Na ce, "Malam, bari dai ka ji shi tukuna."

Kwalbar ba laifi. Ruwan hoda ce, mai nauyi a hannu, da ɗamara mai ƙyalli a tsakiya, idan kika ajiye ta a gaban madubi ba za ta ba ki kunya ba. Bakin feshin yana watsa turaren da kyau, ba ya tsiyaya. Da kin fesa, abin da zai fara zuwa shi ne ɗan tsamin lemon tanjarin haɗe da zafin alkohol, wannan ki ba shi minti biyu zai wuce. Daga nan sai zaƙin ya taso, ƙamshin madara da 'ya'yan itace, kamar an dama madarar gari da sitiroberi. A ƙarƙashinsa akwai furen, mai laushi, mai kama da hodar jarirai, ba irin furen da ke hawa kai ba. Bayan kamar awa ɗaya sai ya kwanta ya zama banila da almiski da ɗan sandal kaɗan, a haka zai zauna har ya ƙare. A fatata yakan yi awa huɗu zuwa biyar ina jin sa, a jikin mayafi kuwa har washegari idan na buɗe durowa yana nan.

Lokacinsa shi ne hunturu. Idan iska ta bushe, gari ya yi sanyi, kika yi wanka kika shafa mai sannan kika fesa sau biyu, wallahi abin sai wanda ya ji. Da damina ma ba laifi, musamman da dare. Amma da bazara, a watan Afrilu da zafin Kano ke kai maki 40, ki yi hattara. Duk turare mai zaƙi idan ya haɗu da gumi nauyi yake yi, wadda ke kusa da ke a cikin adaidaita sahu ita za ta sha wahala. Feshi ɗaya ya isa, shi ma a jikin tufafi. Kuma dai kun san malamai sun sha ja mana kunne game da fita da ƙamshi mai tashi, don haka ni a ɗaki na fi amfani da shi.

Saura maganar mai shago, wai shi da na Faransa duk ɗaya ne. Akwai wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Nasarawa, mijinta ya sayo mata La Vie Est Belle na gaske a filin jirgi. Na je gidanta takanas da kwalbata a jaka, na fesa nata a hannun dama, nawa a hagu, muka zauna muna hira muna sunsunawa har la'asar. Gaskiyar magana, ba ɗaya ba ne, ko kusa. Zaƙi dai duk suna da shi, amma nata yana da hawa-hawa. Yanzu ki ji 'ya'yan itace, an jima ki ji fure, can kuma sai wani ɗan ɗaci mai kama da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ya fito ya rage zaƙin, ya hana shi gundura. Nawa kuwa hanya ɗaya ya miƙe, yadda ya fara haka ya ƙare, kamar mutum mai fara'a wanda labarinsa ɗaya ne. Nata ya kuma fi nawa daɗewa a fata. Ita da kanta ta ce, "Yaya, naki fa yana da daɗi." Na ce, "Yana da daɗi, amma ba naki ba ne." Kama da wane ba ta wane.

To amma ga inda lissafin yake. Kuɗin kwalbarta ɗaya zai saya mini nawa huɗu ko biyar. Shin daɗin nata ya ninka nawa sau biyar? A hancina bai ninka ba. Maigida kuwa, wanda dominsa ake yin abin, hukuncinsa shi ne, "Yana da daɗi, sai dai ya cika alawa. Ki ɗan sa humrar nan taki a ƙasa." Na gwada, na shafa humra a jiki na fesa Yara a kaya, sai ga shi humrar ta ba shi nauyin da ya rasa, shi kuma ya ba ta sanyi. Tun daga nan haka nake yi. Saboda haka idan kin tambaye ni, zan ce turare ne mai kyau a kuɗinsa, ya fi dacewa da budurwa da amarya, babba kuma ta haɗa shi da na gargajiya. Ki saye shi don shi ne Yara, kada ki saye shi don wai shi ne wani.

Wata za ta ce, duk wannan dogon bayani a kan kwalbar turare? 'Yar uwa, ba kwalbar ce ta dame ni ba, abin da ake yi da ita ne. Na ga auren da turare ya so ya lalata. A unguwarmu aka kai lefen wata yarinya, akwati shida, an jera turarukan dizaina har guda biyar a kit, mata suna ta guɗa. Ashe a cikin dangin amarya akwai mai zuwa Dubai saro kaya. Ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi, ta duba gindin kwalbar, ta fesa a bayan hannu, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai na bakin titi ne." Tsit aka yi. Daga nan fa aka shiga zargin komai. Aka ɗaga leshi ana duba shi a rana, aka ce a kai sarƙa da 'yan kunne wajen masu gwal a gwada. Sarƙar ta gaske ce, yaron ya sha wahala kafin ya saye ta, amma wa zai ƙara yarda? An dai ɗaura auren da ƙyar, sai dai har yau idan suka samu saɓani gorin da ake yi masa ke nan, wai wanda ya fara da ƙarya. Ita ma yarinyar ba ta tsira ba, kishiyoyin uwarta sun samu abin faɗa. Da Yara ya sa, ko wani mai araha da sunansa, iyaka a ce bai da ƙarfi. Rashin ƙarfi kuwa ba abin kunya ba ne, ramin ƙarya ne ƙurarre.

Wannan ne ya sa da aka zo haɗa lefen ɗan yayana na tsaya kai da fata. Yaron yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, wata rana aikin dare wata rana na safe, shekara biyu yana zubin adashi. Ƙannensa mata suka dage sai an sayo na kwali mai sunan Faransa, wai gidan amarya 'yan gayu ne, za a raina mu. Ya zo ya same ni ransa a jagule, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ni fa kuɗin da ya rage ko rabin na gaske ɗaya ba zai saya ba. Sun ce akwai mai kama da shi, ba mai ganewa." Na ce, "Ɗan nan, kai za ka gane, ita ma ranar da ta fesa ya tashi kafin ta kai ƙofar gida za ta gane. Zanen aro ba ya rufe katara. Yarinyar nan ta san a kamfani kake aiki ko ba ta sani ba?" Ya ce ta sani. Na ce, "To ka kai mata abin da ma'aikacin kamfani zai iya, ka kai shi da kanka a sama."

Muka sayi Yara biyu da wani na Larabawa mai ƙamshin itace, muka ba wata Bashuwa da ta iya haɗi ta yi mana humra fara da baƙa da turaren wuta, sannan na ce a sa Bintu Sudan. Nan ma sai da aka yi rigima, ƙaramar cikinsu ta ce, "Haba Gwaggo, wannan ai turaren tsofaffi ne." Na ce a sa. Ranar kai kaya an samu wadda ta yi gunaguni cewa ba ta ga na dizaina ba, ba a rasa irinsu. Amma uwar amarya ta aiko a gaya mana cewa abin da yaro yake da shi ya kawo, Allah ya sa albarka. Ba a ci bashin ko sisi ba, kuma babu abin da muke tsoron a juya gindinsa a duba.

Shi Bintu Sudan ɗin da yaran yanzu ke rainawa, bari in ba ku tarihinsa, domin akwai darasi a ciki. A 1919 wani Bature mai suna Eric Burgess, wakilin kamfanin W.J. Bush na Landan, yana ƙasar Sudan aka kawo masa wasu turaruka na gargajiya aka nemi a haɗa musu irinsu. Ya kai Landan aka yi ta gwaji, a 1920 aka fitar da Bint El Sudan, wato 'yar Sudan, da hoton budurwa a jikin kwalbar. Kun ga ke nan ya girmi Chanel No. 5 da shekara ɗaya. Mai ne zalla, babu alkohol a cikinsa, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu, alhazai da fatake suka yaɗa shi daga gabas har yammacin Afirka. Ƙamshinsa na furanni ne, yasmin da 'yan uwansa, mai zaƙi mai nauyi, ɗigo ɗaya ya wuni. 'Yan jaridar Turai har laƙabi suka yi masa, wai Chanel No. 5 na Afirka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a nan garin namu aka daɗe ana ɗura shi. W.J. Bush ya kafa reshe a Bompai. Uwar kamfanin ta haɗe da wasu a 1966 ta zama Bush Boake Allen, sannan kamfanin IFF na Amurka ya saye ta a 2000. A shekarun 2010 kamfanin Gongoni na Sharaɗa ne ke ɗura shi da izinin IFF, miliyoyin ƙananan kwalabe a shekara, ana kai wa har ƙasashen maƙwabta. Wato hannun 'ya'yanmu da mazajenmu ne ya cika kwalaben da amaren Nijar da Chadi suka shafa. Kun lura kuwa? Shi ma asalinsa kwaikwayo ne, Bature ne ya kwaikwayi ƙamshin mutanen Sudan. Amma da yake ya sa masa suna nasa, bai laɓe a bayan sunan kowa ba, ga shi ya haura shekara 100 ana ambatonsa, kuma har yau masu haɗa humra ba sa rabuwa da shi.

Idan na bi ta Sharaɗa ko Bompai na ga gine-ginen da a da ake jin jiniyar tashi daga aiki, ma'aikata suna fitowa a kan kekuna kamar fari, yanzu wasu an rufe wasu sun koma rumbun ajiye kayan waje, sai raina ya sosu. Tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara lalacewa, rashin wutar lantarki da kayan waje masu araha suka ƙarasa masaƙu da yawa. Mu kuma muna taimakawa da namu, domin duk abin da aka ce a Kano aka yi sai mu ɗauke kai. Larabawan Dubai ba su fi mu hanci ba. Sun dai gane cewa akwai miliyoyin mata masu son ƙamshi da ba su da dala 100, suka yi musu abin da za su iya saye, a kwalba mai kyau, da suna nasu. Garin da ya iya humra da turaren wuta, ya kuma daɗe yana ɗura Bintu Sudan, me zai hana shi yin haka? Ina fata masu kuɗinmu suna karantawa.

Kafin in ajiye alƙalami ga 'yar shawara ga mai niyyar saye. Ki sani shi kansa Yara, da ya yi kasuwa, an yi masa jabu, don haka araha idan ta yi yawa ki ji tsoro. Ki duba rubutun kwali ko ya fita tsaf, ki duba lambar da ke gindin kwalba ta dace da ta jikin kwali. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke da alhakin kula da kayan shafe-shafe, kayan da suka bi ta hannunta sun fi kwanciyar hankali. Kada ki yanke hukunci da feshin farko a shago, ki fesa a hannu ki je ki gama cefanenki, abin da kika ji bayan awa ɗaya shi za ki zauna da shi. Idan fatarki ta yi ja ko ƙaiƙayi ki daina, jabu ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Kada ki ajiye kwalba a taga ko inda rana ke bugu, zafi yana kashe turare. Mai ƙaramin jariri kuma ta rage feshi a ƙirji.

Ku kuma iyaye mata masu karɓar lefe, don Allah mu sassauta. Duk gorin da muka yi a kan akwati, wani yaro ne ke jin sa ya fasa neman aure, ko ya je ya ci bashi, ko ya sayo ƙarya a kwali. 'Yan mata, wanda ya kawo miki mai araha da sunansa na gaskiya ya fi wanda ya kawo miki jabu da sunan Faransa, domin yadda ya yi da turare haka zai yi da sauran al'amura. An ce araha ba ta ado, ni kuwa na ce tana yi, in dai ba ta yi ƙarya ba.

Allah ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, ya buɗa wa ma'aikatanmu, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.